Man Keke a Bakin Kaset

Malam Audi tela ne a Badarawa, ko da yake yanzu ba ya iya zura zare a allura sai ya fito hasken rana. Ɗakinsa cike yake da tarkacen da matarsa Lami ta gaji da magana a kansu. Akwai agogon bango mai tafiya da baya, da ƙahon wata dabba da ba wanda ya san sunanta, da kwalba cike da maɓallan rigunan sojan da. A ƙarƙashin gado kuma, naɗe cikin tsohon zane, akwai kwamfuta.

Ba irin ta yanzu ba ce. Kamar tafireta take, ruwan ƙasa, ba ta nuna komai sai an haɗa ta da talabijin. A bayanta akwai baki inda ake cusa kaset ɗin wasa, ga kuma hannun wasa biyu, kowanne da sanda kamar giyar mota. Audi ya saye ta ne a gwanjon kayan wani Ba'indiye da zai koma gida, tun gemun Audi yana baƙi. Kaset ɗaya ya zo da ita, na wasu kwale-kwale biyu masu tsere a kogi, kadoji na leƙowa daga gefe. Shi da taubashinsa Sambo, da suke shago ɗaya, sun yi shekaru suna wannan tsere bayan la'asar, masu jiran ɗinki na zaune a benci suna tsaki. Daga baya kaset ya mutu, aka naɗe kwamfuta.

Bara ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Sambo. Ya tashi, yana tafiya, yana magana, amma hannun dama ya ƙi dawowa. Tun daga nan ya daina ganin kowa. Audi ya sha zuwa gidansa a Kurmin Mashi, sai Mero matar Sambo ta fito ta ce yana barci, alhali Audi na jin tarinsa daga ɗaki. Zuwan ƙarshe ma Sambo da kansa ya ɗaga murya daga ciki.

"Ki ce masa in sannu ya kawo, buhuna ya cika. Ya kai wa wani."

Audi ya dawo gida yana juya maganar. Ya ga lallai in zai sake zama da Sambo, sai ya je da wani abu da ba dubiya ba. A nan kwale-kwalen nan suka faɗo masa a rai.

'Yarsa Fiddausi ce ta bincika a waya ta gano wata mai suna Umaima a Doka, wai tana haɗa sababbin kaset don tsofaffin kwamfutoci. Ta ɗauki hoton tasa ta aika, amsa ta dawo cewa akwai kaset daidai ita.

Shagon Umaima a saman bene yake, ƙanƙani, tsakanin mai hoto da mai gyaran fanka. Audi ya tsaya a ƙofa ya manta da abin da ya kawo shi. Ko'ina kwamfutoci ne tsofaffi, wasu a buɗe hanjinsu a waje, ɗakin na ƙamshin dalma. Ya daɗe yana kallon wani koren allo da aka cire daga cikin ɗaya, ya ga kamar wani gari ne da aka hango daga sama, da tituna da rumfunan kasuwa.

"Baba, shigo mana, ba a biyan kuɗin kallo," in ji Umaima. Matashiya ce, da tabarau, hannun hijabinta a naɗe.

Ta nuna masa kaset ɗin. Girmansa ɗaya da na da, sai dai a ƙeyarsa akwai 'yar ƙofa da ake sa memori irin na waya.

"Cikin wannan ɗan abu akwai wasanni fiye da yadda za ka iya bugawa. Na kwale-kwalen ma na sa maka shi a farko."

"Duk a cikin abin da bai kai farcena ba?"

"Duk a ciki."

"Ba sa matse juna?"

Ta yi dariya, ta cusa kaset a tata kwamfutar ta kunna. Sunayen wasanni suka jeru, ta danna na sama. Sai ga kogi shuɗi, ga kwale-kwale biyu, ga ɗan kiɗan nan mai kama da kukan tsuntsun da mura ta kama. Audi ya dafa tebur.

"Dokata biyu ce, Baba. A kashe kwamfuta kafin a sa kaset ko a cire. Kada kuma a zare memori tana kunne. Zan kira ka in ji yadda ta kasance. Duk wanda na sayar wa ina kiransa."

A gida ya warware zane, ya share kwamfuta, ya jawo tsohon talabijin ɗinsu mai ƙusumbi. Da ya zo cusa kaset, bakin ya yi tauri, ya ƙi shiga. Audi bai yi wani dogon tunani ba. Duk rayuwarsa, abin da ya daɗe a ajiye ya ƙi motsi, magani ɗaya ya sani. Ya ɗauko 'yar butar man keken ɗinki, ya ɗiga a bakin kwamfuta daga wannan gefe zuwa wancan, ya ƙara kaɗan a haƙoran kaset don kada a yi rowa. Kaset ya shige sumul.

Ya kunna. Ba kogi, ba sunaye. Wasu murabba'ai ne suka cika talabijin, ja da kore da ruwan hoda, suna ƙyaftawa suna sauya wuri. Ya kashe, ya kunna, haka dai. Sai ya zauna yana kallonsu, don a gaskiya sun yi masa kyau. Amma ya san ba haka ya kamata ba. Ya ɗauka ko kwamfutar ce ta tsufa ta ruɗe, kamar yadda mutane ke yi.

"Ka kira yarinyar mana," in ji Lami.

"In ce mata me? Ta yi mini mutunci, ta ba ni kujera, har da ruwan sanyi. Sai in buɗe baki in ce kayanta ba ya yi?"

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara.

"Baba, ina kwana? Umaima ce. Yaya kaset?"

"Lafiya lau, 'yata. Alhamdulillahi. Allah ya yi albarka."

"Yana yi?"

"Sai godiya."

"To Baba, mun gama gaisuwa. Yanzu aiki za mu yi. Akwai wuta a wajenku?"

"Akwai."

"Kunna ta, ka faɗa mini abin da idonka ke gani. Ba abin da zuciyarka ke so in ji ba. Na taɓa kiran wani dattijo ya ce mini lafiya lau, ashe a lokacin tasa hayaƙi take yi."

Audi ya kalli Lami. Ta juya kai tana tsince shinkafa, kafaɗunta na rawa. Ya kunna.

"To, ina ganin... kin san atamfar nan da ake yayi da, mai gidan dara? Kamar ita, amma tana numfashi. Akwai wani ja a kusurwa da yake tafiya shi kaɗai, kamar an aike shi."

"Babu rubutu?"

"Babu. Amma fa da kyau."

"Ka kashe ta kafin ka sa kaset?"

"Na kashe."

"Ya shiga har ƙarshe?"

"Har ƙarshe. Da farko dai ya yi gardama, amma da na ba shi mai sai ya bi."



"Wane mai, Baba?"

"Na keke. Mai kyau ne, ba gauraye ba. Shi nake ba kekena tun kafin a haife ki, bai taɓa kawo ƙara ba."

Ya ji ta aje wayar a kan wani abu, ya ji dariya daga nesa, har da tari. Da ta dawo muryarta na rawa.

"Baba, kashe ta, ka zare daga bango. Kada ka taɓa komai. Kada ka ba ta ruwa, kada ka ba ta abinci. Ina zuwa."

Bayan azahar ta iso a Keke Napep da 'yar jaka. Ta gaida Lami har ƙasa, ta shimfiɗa tsohuwar jarida a tsakar gida, ta kwance kwamfuta. Man ya haɗu da ƙurar shekaru ya zama wani baƙin kunu a tsakanin haƙoran ƙarfen. Ta fito da kwalbar sifirit da buroshin haƙori da auduga, ta shiga wankewa a hankali, haƙori bayan haƙori.

"Ni ma da ya samu dama da ya ɗiga mini a gwiwa," in ji Lami.

"Da kin daina ƙara in kin tashi," in ji Audi.

"Kin ji ko? Ƙofar gidan nan har santsi take. Rediyo ma bai tsira ba."

"Rediyon ya mutu?" Umaima ta tambaya.

"Ya mutu cikin ƙoshi," in ji Lami.

Umaima ta yi wa Audi bayani tana aiki. Keke ƙarfe ne ke gogar ƙarfe, shi ya sa yake son mai. Nan kuwa haƙoran kaset da na kwamfuta so suke su taɓa juna ba komai a tsakani, ta nan maganarsu ke wucewa. Audi ya gyaɗa kai. Ya ce ashe murabba'an nan kwamfuta ce ke ƙoƙarin magana da baki cike.

Suna jiran sifirit ya bushe ta tambaye shi me ya sa lallai sai wasan kwale-kwale. Ya ba ta labarin Sambo. Ta ɗauki hannun wasa ɗaya ta jujjuya.

"Wannan sai da hannu biyu, Baba. Ɗaya ya riƙe gindi, ɗaya ya juya sanda. Mai hannu ɗaya zai yi ta binsa a kan tabarma."

Audi bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Ya karɓa ya ɗora a cinyarsa, ya auna da taƙi. Ya tashi ya buɗe kekensa a bakin ƙofa inda haske yake. Kafin Umaima ta mayar da kusoshi ya ɗinka ɗamara da ƙyallen kaki, mai aljihun da gindin hannun wasan zai zauna a ciki, da igiya da za a ɗaure a cinya. Ya ɗinka biyu, don kada a ce ta mutum ɗaya ce.

Aka kunna. Kogi ya fito.

"Gobe ma zan kira," in ji ta tana rataya jaka. "In ka ce mini sai godiya, zan san wani abu ya ƙone."

Da la'asar ɗin washegari Audi ya loda talabijin da kwamfuta a Keke Napep zuwa Kurmin Mashi. Mero ta buɗe baki za ta ce yana barci, sai ta ga kaya.

"Ba wajensa na zo ba," in ji Audi da ƙarfi. "An ɗauke mana wuta ne, na zo aron taku."

Ta ba shi tabarma a baranda, daidai tagar Sambo. Ya haɗa wayoyi, ya ɗaura ɗamararsa, ya ƙure muryar talabijin. Kiɗan ya cika gidan. Ya tuƙa kwale-kwalensa shi kaɗai, kada ya cinye shi. Ya sake, ya daki dutse. Labulen taga ya motsa.

"Hagu, makaho! Kullum a wannan kwanar ake cin ka."

Audi bai waiga ba. "Masu barci ba sa koyar da tuƙi."

Aka ɗan jima. Sai ga ƙarar takalmi ana ja. Sambo ya fito, ya rame, hannun dama na rataye a gefen riga. Ya zauna da ƙyar a ɗaya gefen tabarmar. Audi ya tura masa ɗamara ta biyu da ƙafa, idonsa a talabijin. Sambo ya dube ta, ya dubi ta cinyar Audi. Mero ta durƙusa ta ɗaura masa, ta koma kicin.

Suka fara. Hannun hagun Sambo bai saba ba, kwale-kwalensa na ta tangaɗi. Audi ya sassauta, ya bar nasa ya goge gaɓa, har Sambo ya wuce shi ya kai gaci.

Sambo ya saki sanda. Fuskarsa ta haɗe.

"Kai, bawana. Ni za ka yi wa sadaka? Kwance mini wannan abu."

"Hannuna ne ya zame."

"Ƙarya kake, tun muna yara in ka yi ƙarya kunnenka ke motsi. Ko ka buga tsakani da Allah, ko ka kwashe tarkacenka."

Audi ya gyara zama. A zagaye na biyu bai raga ba ko kaɗan. Ya bar Sambo a baya tun kwanar farko, ya kai gaci kwale-kwalen Sambo na cikin bakin kada. Ya ɗaga hannu sama ya yi shewa kamar yaro.

"Ka ga aikin maza! Je ka ka yi kiwon awaki, tuƙi ba naka ba ne."

Sambo ya dube shi, sai gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga.

"Ɗan banza. Da hannun hagu ka ci ni kake ihu. Sake."

Suka sake, Audi ya ci. Suka kuma, ya ci, amma wannan karon da ƙyar. Da aka kira magariba Audi ya miƙa hannu zai zare wayoyi, Sambo ya take wayar da ƙafa.

"Ina za ka kai kwamfutar? Nan za ta kwana, in gwada hannun nan da safe. Kai dai ka zo gobe da wuri, ka taho da ƙosai. Mero, kawo wa wannan ɓarawon buta."