Irin Doya a Filin Shara

Da aka yanka fuloti a Maitumbi, masu awo sun bar ɗan fili tsakanin gidan ɗan Mama Dorothy da gidan Malam Ndagi, suka ce na ajiye kwandon shara ne. Shekara shida ba kwando ba dalilinsa. Ita kuwa Mama, Bagwariyar Garatu, ba ta iya ganin ƙasa a zaune. Ta tada kunya tara a wurin, ta shuka irin doyar mijinta Shekwolo, abin da kawai ta taho da shi bayan ya rasu an sayar da gona. Duk Minna ba mai wannan iri sai ita.

Ran nan cikin watan Yulin 2009 sai ga motar shara da ƙaton kwandon ƙarfe. Doya ta yi ganye shar, ba ta isa tono ba. Mama ta tsaya a gaban kunyoyinta.

Direba ya ce, "Mama, takarda ce ta ce nan."

Malam Ndagi, mutumin Bida, ma'aikacin sakatariya, ya fito yana gyara hula. "Sauke shi a ƙofata har ta tone," in ji shi.

Wata biyar ƙuda da wari suna yi masa sallama, motarsa na kwana a waje. Bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai matarsa Karima ta yi na mutum biyu.

Da Disamba ta zo Mama ta tone, aka mayar da kwando mazauninsa. Ndagi ya ce mata, "Kawo irin, Mama, bayan gidana akwai wuri." Sai dai ya manta bai gaya wa Karima ba, halin maza.

Mama ta zaɓo ƙananan doyar nan na iri, ta ɗora kwano a kafaɗa yadda Gwarawa ke ɗaukar kaya, ta kai. Ba kowa a gidan, ta ajiye a bakin kicin ta tafi coci.

Karima ta dawo daga kasuwa ta ga doya. Ta ce a ranta ashe tsohuwa ta san an yi mata alheri, ko da yake ta zaɓo ƙanana. Da la'asar sai ta yi sallama a gidan Mama da faranti a rufe.

"Mama, ga taki. Doyar nan akwai gari!"

Mama ta buɗe, ga soyayyar doya da yaji. Ta ɗauki yanka guda ta kai baki, ta ji ɗanɗanon da ta sani shekara arba'in. Ta ajiye farantin.

"'Yata, duka ka soya?"

"Duka, Mama. Yara sun cinye tas."

"Kan doya fa, ina ka zuba?"

"Ɓawo da kawuna? Suna cikin kwando mana."

Mama ta miƙe. Ta ɗaure zane, ta jawo turmi ta kife a gindin kwandon, ta hau, ta zura rabin jikinta ciki tana tona leda da toka. Karima ta tsaya baki buɗe, sai a lokacin ta gane abin da ta soya.

Kai huɗu Mama ta samu masu idon tsiro. Ta shafa musu toka a wurin yankan, ta ƙulle a bakin zane.

"Ka faɗa wa Malam," in ji ta, "kunya huɗu ya isa."