Faifan Zuhal

A duk Farin Dutse, kai har cikin garin Gwaram, in ana zancen ɗinkin faifai sunan Inna Barira ake fara kira, kuma abin takaicin ita ma ta san haka. Shekara goma da suka wuce, a wani taron suna, mata suka yi ta zuga ta har kanta ya kumbura. Ta zaro basillar da ta gada wajen kakarta daga cikin ɗankwali, ta ɗaga sama, ta ce duk ranar da idonta ya ga faifan da ya fi nata, a rijiyar unguwa za ta jefa basillar nan ta bar sana'ar. Kowa ya manta da maganar ban da ƙawarta Hapsatu, wadda Allah bai hore wa mantuwa ba.

Wata ranar kasuwar Gwaram, cikin daminar 1981, Barira ta sayi galura wajen Ɗan'auta mai kayan koli. Ya ƙunshe mata a wata takarda mai sheƙi da ya yago daga mujallar Turawa. Sai da ta dawo gida, suna zaune da Hapsatu a inuwar rumbu, ta warware ƙunshin ta karkaɗe takardar. Nan take idonta ya kafe a kan hoton da ke jikinta.

Hoton faifai ne. An shimfiɗa shi a kan baƙin zane, an ɗan karkata shi, an ɗora wani ƙaton dunƙulen fura a tsakiyarsa. Barira ta sa farce ta fara ƙirga zagayen ɗinkin, ta kai arba'in ta rikice, ta sake daga farko ta sake rikicewa. Ita da take taƙama, iyakar abin da ta taɓa yi talatin da biyu. Ga launin ƙasa ya shige cikin launin madara ba tare da an ga mahaɗa ba, ba ƙulli ko ɗaya, ba bakin kaba da ya leƙo.

Hapsatu ta leƙa ta kafaɗarta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Barira, rijiya dai tana nan inda kika bar ta."

"Ke dai ba ki san aiki ba," in ji Barira, ta dangwala yatsa kan wani baƙin layi da ya raba zagayen gida biyu. "Dubi nan. Kaba ce ta ƙare mata, ta tsallake, ta bar ɓaraka. Ga kuma tsaba ta zube a gefe, ko sharewa ba ta yi ba kafin mai hoto ya ɗauka. Wannan mata ƙazama ce."

Faɗa kawai take yi. A cikin ranta ta san an fi ta, kuma fi na nesa, abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta roƙi Hapsatu ta ba ta kwana biyu, ta ce ba za ta jefa gadon kakarta a ruwa saboda takarda ba, sai ta ga matar ido da ido ta taɓa faifan da hannunta. Hapsatu ta yarda, sannan ta bi gida gida tana sanar da mata cewa jibi da la'asar akwai kallo a bakin rijiya.

Ɗan'auta ya ce takardun daga Birnin Kudu yake samo su, gidan wani Malam Abdulsalami mai koyarwa a makarantar sakandare, matarsa ce ke tara masa. Barira ta ce ai shi ke nan, an gano ta. Mijinta Malam Barau ya kalli hoton sama da ƙasa, ya ce shi dai furar ce ta burge shi, ya yi mata izinin tafiya yana dariya.

Washegari da hantsi ta shiga motar kasuwa, ta ƙulle faifanta mafi kyau a cikin zane ta rungume. Duk tsawon sabuwar kwaltar nan tana shirya kalaman da za ta faɗa wa matar, ta fara da yabo, ta ƙare da ɓarakar. Wata fasinja ta tambaye ta ko asibiti za ta, ta ce a'a, biko za ta.

Matar malamin, Kubra, yarinya ce mai fara'a, ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa a kofin roba, an rufe da murfin roba. Barira ta ƙyalla ido ko'ina a tsakar gidan, ba faifai ko na tankaɗe. Ta ce a ranta, lallai wannan ta iya ɓoye abu. Bayan gaisuwa ta fito da takardar ta shimfiɗa.

"'Yata, ban zo da faɗa ba. Fito min da shi in gani."

"Da me, Inna?"

"Faifan da kika ɗinka."

Kubra ta kalli hoton, ta kalli baƙuwar, ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da ƙyar ta iya cewa ita ko maɓalli ya tsinke sai ta kai wa tela. Ana cikin haka Malam Abdulsalami ya yi sallama, ya dawo cin abincin rana, alli duk a hannun rigarsa. Da ya ji abin da ya kawo baƙuwa bai yi dariya ba. Murna ce ta kama shi, don wata shida ke nan yana neman wanda zai saurari zancen hoton nan, ɗalibansa kuwa sai hamma suke yi masa. Ya shiga ɗaki da sauri ya fito da sauran mujallar, ya durƙusa gaban tabarma.

"Inna, wannan da kika ce fura, duniya ce guda, sunanta Zuhal. Tana can sama, in kin gan ta sai ki ce tauraro ne. Amurkawa ne suka harba kumbo, ba kowa a ciki sai na'urar ɗaukar hoto. Ya fi shekara uku yana tafiya kafin ya isa, ya ɗauka ya aiko."

"To faifan fa? Wa ya kai shi can?"

"Ba wanda ya kai shi. Ƙanƙara ce da ƙura suke zagaya ta. Faɗinsa, da za a jera duniyarmu a kai, sai a jera kusan ashirin."

"Tsabar da ta zube?"

"Watanninta ne. Mu ɗaya gare mu, ita nata sun haura goma."

Barira ta ce, "Malam, kana nufin ba mace ce ta yi shi ba?"

"Ba mace, ba namiji, Inna. Halittar Ubangiji ce."

Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda rabon da ta yi tun tana budurwa. Ta yi har hawaye, ta dafa Kubra, ta rangaɗa guɗa a tsakar gidan mutane da rana tsaka. Kwatsam kuma ta tsaya, ta dafe ƙirji, don ta tuna wanda ta kira ƙazama jiya da kuma aikin da ta kushe. Ta jera istigfari ya fi ashirin, dariyar tana kutsowa a tsakani.

Malamin ya buɗe wani shafi, ya nuna mata wani siririn zagaye can bakin gefe wanda ya murɗe kamar igiya, ya ce wannan ya ɗaure wa masanan kai, ga ƙananan watanni biyu suna bin sa, ɗaya ciki ɗaya waje. Barira ta kawo takardar kusa da ido.

"Wannan ai dajiya ce. Dole a murɗe baki, in ba haka ba ɗinkin ya warware. Hannu ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje." Ta kwance nata faifan ta nuna masa bakinsa. "Ka rubuta musu ka gaya musu."

Ya ce in sha Allahu. Ta bar wa Kubra faifan kyauta, ta ce a raba ruwan gidan nan da murfin roba, shi kuma ya ba ta shafin nan na biyu.

Ranar alkawari da la'asar, mata sun cika bakin rijiya, har da waɗanda randunansu ke cike. Barira ta iso da ƙwarya a kai da damin kaba a hammata, ta ba su labari tun daga kumbo har watanni, tana yi tana ƙara gishiri, har faɗin faifan ya kai duniya hamsin. Hapsatu ta bari ta gama tsaf.

"Duk mun ji. Amma ya fi naki ko bai fi ba?"

"Ya fi," in ji Barira. Ba ta taɓa faɗin wannan kalma a kan ɗinki ba, sai ga shi ta fito mata da sauƙi har da daɗi. Ta zaro basillar daga ɗankwali, mata suka matso. Ta juya ta a tafin hannunta, ta dubi yatsunta da suka yi kanta saboda kaba.

"Wanda ya yi wancan shi ya yi waɗannan," ta ce. "In na jefar da ita, da me zan koya?"

Ta mayar da basillar cikin ɗankwali, ta zura guga, ta jawo ruwa ta jiƙa kabarta. Hapsatu ta buɗe baki za ta yi magana, Barira ta miƙa mata ƙullin baƙar galura ta ce ta riƙe mata da kyau, ta ɓarakar da za ta ɗinka a sabon faifanta ce.