An Ƙwace wa Direba Makulli

Motar ta juyo ta fuskanci Malam Maharazu. Ya danna mata hagu, ta yi dama. Ya ƙara dannawa da ƙarfi, ta ƙara yin dama, ta miƙe ɗoɗar zuwa gindin darbejiyar da maƙwabcinsa Ya'u ke ɗaure bijiminsa na kiwo. Nan take Malam Maharazu ya taka birki, wato ya dirka ƙafarsa ta dama a ƙasa har silifas ya tsinke, babban yatsansa kuwa yana nan danne a kan maɓallin gudu.

Bijimin bai yi wata-wata ba, ya ɗaga kofato ya sauke.

Motar wasa ce ja, ba ta fi takalmi girma ba, irin wadda ake tuƙawa da rimot. Ɗansa da ke aiki a Legas ne ya aiko wa 'yarsa Firdausi, wadda ke zaune wurin kakanninta. Ranar da motar ta iso, Malam Maharazu ya zaunar da yarinyar ya yi mata lacca, domin ya tsufa yana jan mota tsakanin Daura da Kano, kuma kowa a tasha ya gaji da jin cewa ko kaza bai taɓa takewa ba. Tsakar gida kawai za a tuƙa ta. Ba titi, ba kusa da murhu, ba kusa da ƙafar mutum, balle dabba. Da Firdausi ta kai ta zaure, zaure kawai, ya ƙwace ya ɗora a kan sif, ya yanke mata mako guda. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, shi kuwa ya ce doka doka ce.

Yau wa'adin ke cika. Da ta tafi Islamiyya sai ya sauko da motar, wai zai duba batir. Daga duba batir aka koma gwaji, daga nan tsakar gida ta yi wa babban direba kaɗan, ya fito ƙofar gida.

"Direba, lafiya?" Ya'u ya taso daga tabarma yana ƙunshe dariya. "Kai da ko kaza?"

"Kazar ce ba ta zo ba, Ya'u. Sa ya zo."

Ya durƙusa ya tattaro ta. Tayar gaba ta cire, gilashin ya tsage. Sai a lokacin ya gane abin da ya faru. Duk tsawon rayuwarsa a cikin mota yake zaune, hagunsa ne hagunta. Bai taɓa tuƙa motar da ke kallonsa ba. Ya yi wa kansa tsaki, ga furfura har gemu amma abin wasan yara ya kayar da shi a gaban jama'a.

Matarsa Hussaina ta dubi tarkacen da ke hannunsa, ta dubi ƙafarsa da ba takalmi.

"Malam, ka ce daga kan sif ta faɗo mana. Yarinya ce, za ta manta."

Shawarar ta yi masa daɗi, kuma daɗin da ta yi masa ya ba shi kunya. Yana cikin juya shawarar a ransa sai ga sallamar Firdausi, ta shigo da gudu hijabi na tashi.

"Tsoho, yau ne! Ba ni motata!"

Ya buɗe hannuwansa. Ta tsaya cak. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ɗauki tayar ta juya ta a tafin hannunta.

"Abbana ya ce in ajiye ta da kyau har ya zo."

"Ni ne, amarya," ya ce a hankali. "Waje na kai ta. Bijimin Ya'u ya taka ta."

"Waje? Kusa da dabba?" Ta ɗago ido. "Ni fa zaure kawai na kai ta."

Babu abin da ya taɓa ƙona masa rai a tasha kamar wannan magana. Ya ce gobe zai kai wa Musaddiƙ mai gyaran rediyo ya ɗaura tayar. Ta gyaɗa kai kawai, ba ta matsa daga inda take ba, ta ci gaba da kallonsa. Ya gane abin da take jira. Ya laluba aljihu ya zaro makullin babur ɗinsa, wanda ko masallacin unguwa ba ya zuwa sai da shi, ya miƙa mata. Ta jawo kujera ta taka, ta ɗora shi a kan sif.

Washegari da hantsi ya kama hanyar kasuwa a ƙasa, motar na cikin leda, gwiwa na ƙara. A bakin tasha tsofaffin abokan aikinsa suka hango shi yana share gumi.

"A'a, Direba! Ina mashin ɗin?"

"An ƙwace," ya ce, bai tsaya ba. "Tuƙin ganganci."