Koren Furen Baba Irimiya

"Tsaya daga bakin ƙofa, Murja, daga nesa ake kallonsa," in ji Baba Irimiya. "To, yaya kika gani?"

Murja maƙwabciyarsa ta tsaya da kwanon kunun da ta kawo masa, gabanta ya faɗi. Zanen da ya yi da fenti na jingine a kan kujera. Jar fulawar nan ce da marigayiya matarsa ta shuka a tsohon bokiti, a tsakar gidan hayarsu na unguwar Tunga. Kowane fure ya buɗe, ya taso kamar ka sa hannu ka tsinka. Sai dai furannin kore ne shar, ganyen kuma jawur.

Tun da ciwon suga ya cinye masa ido, tsohon malamin zanen ya ajiye buroshi ya koma wuƙar fenti, 'yar siririya mai kama da cokalin magina. Yakan lafta fentin akirilik da kauri, zafin Minna ya busar da shi nan da nan, sai ya bi da yatsa ya ji inda ya tsaya. Launukan kuwa a kiret ɗin ƙwai yake jera su, kowace roba da raminta, ja a farko, kore a ƙarshe. Kowa a gidan ya san ba a taɓa kiret ɗin nan, ban da 'yarsa Helen da ta zo jinya daga Abuja. Ta share ɗakin tas, ta goge robobin, ta mayar da su yadda suka zo mata hannu, ita a dole ta yi abin kirki.

"Kin yi shiru, 'yata."

Murja ta dubi kumburarrun ƙafafunsa, ta ji yadda numfashinsa ke fita da ƙyar. Ya daɗe a kan zanen nan, yana yi yana kwantawa, kuma ta san ba shi da ƙarfin yin wani.

"Ya yi kyau, Baba."

"Furen ya yi ja sosai?"

"Ya yi."

Ya saki murmushi, ya jingina kai da bango. "Likita da Helen lallaɓa ni suke yi, na sani. Ke kaɗai ce in kin faɗi abu sai in ɗauka idona ne ya gani."

Da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi. Yini guda tana kan keken ɗinki tana ɗinkawa tana farkewa. Ta yanke cewa tana idar da la'asar za ta shiga ta gaya masa gaskiya, in ya so ya yi faɗansa. Tana zaune a kan sallaya, ko addu'a ba ta shafa ba, ta jiyo kukan Helen.

Washegari gidan ya cika da 'yan cocinsu masu zaman makoki. An jera benci a tsakar gida, 'yan zumuntar mata suna waƙa a hankali. Wani dattijo mai suna Silas ya leƙa ɗakin, ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya girgiza kai.

"Allah sarki. Ashe har kan ma ya taɓu a ƙarshe."

"Haka suga yake yi," wata ta amsa, maganar ta fara bin benci.

Helen ta fashe da sabon kuka. "Ban san abin ya kai haka ba. Anti Murja, don Allah juya shi ya kalli bango."

Ran Murja ya ɓaci. Mutumin da ko jiya da safe sai da ya yi musu da mai labarai a rediyo, shi ne yau za a ce ya zautu? Maganar ta zo mata har baki. Amma ta dubi Helen, tana rungume da filon mahaifinta, idanu sun kumbura. In ta ambaci kiret ɗin nan, yarinyar ba za ta yafe wa kanta ba har ta mutu.

"Da hankalinsa garau ya cika," in ji Murja.

"To, me ya kawo wannan?" Silas ya tambaya.

Murja ta shiga ɗakin Baba Irimiya. Ta ɗauki zanen, ba ta juya shi ba, ta ratsa tsakanin bencin kowa na kallo, ta shiga ɗakinta ta ajiye shi a kan gado. Ta zauna a ƙasa, ko hijabi ba ta cire ba. Rana ta shigo ta tsakanin gilasan taga ta sauka a kan fentin, kowane koren fure da 'yar inuwarsa a gefe.