Auta Ta Hau Bene

Auta tana shekara ta biyu a jami'a ciwon ya tsananta. Da fari tuntuɓe ne a fili fetal, daga nan cokali ya fara kuskure baki, rubutun da ƙawaye ke rububin aron littafinta saboda kyansa ya koma ita kanta ba ta iya karantawa. Likita ya ce sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita motsi ne ya taɓu, kuma abin da ya rage shi ne atisaye.

Jarrabawa ta zo. Amsa na nan a kanta tsaf, amma cikin awa uku shafi ɗaya da rabi hannun ya yarda ya ba ta. Ta faɗi darasi uku. Ranar da ta je duba sakamako, tana tangaɗi a baranda, ta ji wani yana raɗa wa abokinsa wai ta sha ta yi tatil.

Wata huɗu ba ta leƙa waje ba. Labule a sake, waya a kashe, abinci ya huce a bakin gado. Ko kukan ma ba ta da ƙarfinsa. Mama ta yi lallashi, ta yi faɗa. Baba kuwa sai ya zo bakin ƙofa, ya yi gyaran murya, ya juya.

Matar da ke koya mata atisaye a asibiti ce ta gano. Ranar da Yaya, babban wanta, ya kai ta da ƙyar, matar ba ta kula ƙafafun ba. Tambayarta ta yi yaushe rabon da ta yi sha'awar wani abu. Auta ta ce ta manta.

"Wannan wani ciwo ne daban, ƙanwata. Ciwon damuwa ne, shi kuwa yana da magani."

Mama ta tubure cewa 'yarta ba taɓaɓɓiya ba ce, sai da Yaya ya kwana biyu yana shawo kanta. Aka fara magani da ganin likita duk mako biyu. Sauƙin bai zo da gudu ba. A mako na bakwai Auta ta yi wanka, ta ce a kai ta makaranta.

Ofishin shugaban sashe yana hawa na uku. Yaya ya durƙusa zai goya ta.

"An yaye ni tuntuni," in ji ta. "Riƙe min jaka kawai."

Ta kama ƙarfen matakala da hannu bibbiyu. Sau biyu tana zama ta huta, ɗalibai suna ratse ta. Ta roƙi shugaban a bar ta ta sake jarrabawar da kwamfuta. Ya saurare ta, ya ce doka rubutun hannu ta sani. Auta ta nemi takarda ta rubuta sunanta a gabansa, abin ya ɗauke ta fiye da minti guda. Sannan ta ce ya yi mata kowace tambaya daga darasinsa. Harshenta na sarƙewa, amma ta amsa har ƙarshe. Mutumin ya cire tabarau ya ce zai kai maganar gaban kwamiti.

Wata biyu kwamitin ya yi yana jan ƙafa, ita kuma sau huɗu tana komawa. Daga bisani aka yarje mata kwamfuta da ƙarin lokaci. Ta ci darasi biyu, na ukun sai baɗi. Har yanzu akwai safiyar da nauyin damuwar ke danne ta a gado. Irin wannan rana takan gaya wa Mama gaskiya, ta sha maganinta, ta shiga aji ko da a makare ne.