Tayar Baya Ta Hagu

Ranar Lahadin nan Mai Faci ya rufe rumfarsa da wuri. Ya ɗaure injin busa iska da sarƙa, ya jingina tsofaffin tayoyi a bango, ya wanke hannu har sau uku, sannan ya je gida ya ɗauko mahaifiyarsa.

Inna ba ta taɓa sa ƙafa a shagon aski ba. Abin da ya kawo ta shi ne talabijin ɗin Mai Aski, wadda ta fi ta kowa girma a layin. Idanunta sun yi yana, sai abu ya yi girma kuma ya matso kusa take gane shi. Kuma so take ta ga Auta.

Auta ƙanen Mai Faci ne, a rumfarsa ya koyi cire taya. Shekara huɗu ke nan da ya tafi ƙasar waje, ya faɗa hannun masu tseren motoci, ya fara daga sharar gareji har ya kai ga riƙe bindigar kwance noti. Sunan ne kawai bindiga, na'ura ce da iska ke juyawa. In mota ta shigo canjin taya ana tsakiyar tsere, mutum uku ne a kan kowace ƙafa: mai cirewa, mai sawa, da mai bindiga. To Auta shi ne mai bindiga a tayar baya ta hagu, a mota mai lamba sha tara.

Yana kiran waya, yana aiko hoto, amma Inna ta ce wannan bai ishe ta ba.

"Hoto ai kowa ma yana iya aron riga ya tsaya jikin mota," in ji ta. "Ni so nake in gan shi a bakin aiki, kafin idon nan ya gama rufewa."

Matsalar ita ce motoci ashirin ne a tseren, kuma sha tara tana can cikin 'yan baya. Tsere shida Mai Faci ya kalla a shagon nan, bai taɓa ganin an nuna ta tana canjin taya ba. Ya tura wa gidan talabijin ɗin saƙo sau biyar, cikin ladabi, har da gaisuwa. Sau biyar suna ba shi amsa iri ɗaya: mun gode da kasancewa tare da mu.

Mai Aski ya share babbar kujerar aski, ya juyo da ita ta fuskanci talabijin, ya taka fedar ya ɗaga ta sama kaɗan. Inna ta damƙe hannun kujerar.

"Kai! Ina za ka kai ni?"

"Kusa da ɗanki, Inna. Riƙe da kyau."

A kan benci akwai direban tasin da ake kira Ba-Birki, saboda bakinsa, ba don motarsa ba. Ya gaida Inna har ƙasa, sannan ya ce, "Inna, wane iri za a yi miki? Ƙwal-kwabo ko a bar gaba?"

"A fara da harshenka," ta ce.

Aka tashi tsere. Motoci suka zabura kamar an watsa wa kaji tsaba, ƙarar ta cika shagon har almakashi na rawa a kan tebur. Mai Faci ya tsuguna gefen kujerar, yana nuna mata jerin lambobin da ke gefen hagu na allon, daga sama har ƙasa.

"Kin ga wannan layin? Shi ke faɗin wanda ke gaba da wanda ke baya. Tamu ga ta nan, ta uku daga ƙasa."

"Motar fa?"

"Za su nuna ta, Inna."

Ba su nuna ta ba. Sun nuna jar mota da ke gaba, sun nuna baƙa da ke bin ta. Sun nuna wata budurwa a cikin gareji tana cizon farce, aka ce matar direban ja ce. Sun nuna wani attajiri da baƙin tabarau yana shan lemo, sannan suka hau sama da jirgi suka nuna rufin gidaje da wani tafki mai kwale-kwale.

"Wannan ma tseren take yi?" Inna ta tambaya da aka sake dawowa kan budurwar.

"Ita ce ta ɗaya," in ji Ba-Birki. "Ta cinye farce huɗu, saura shida."

Mai Faci bai yi dariya ba. Auta ya faɗa masa a waya cewa sau biyu za su tsaya, na farko wajen zagaye na goma sha biyar. Yana ƙirgawa a ransa. A zagaye na sha huɗu ya ga wata ƙaramar alama ta fito kusa da lamba sha tara.

"Ta shigo! Inna, buɗe ido, ta shigo!"

Inna ta gyara tabarau, ta miƙa wuya. Sai allon ya yi fari, ga wani mutum cikin kayan barci ya faɗa kan katifa yana murmushi, wata murya tana cewa barci mai daɗi sai da katifa mai daɗi.

"Shi ne wannan?" ta ce a hankali.

"Talla ce, Inna."

Bayan katifa aka yi sabulu, bayan sabulu aka yi layin waya. Ko da aka dawo, sha tara ta daɗe da komawa kan hanya. Mai Faci ya miƙe, ya je bakin ƙofa, ya dawo. Shi ba mai zagi ba ne, don haka bai san abin da zai yi da bakinsa ba.

"Daƙiƙa biyu da ɗan ɗoriya ake canjin tayar nan," ya ce wa talabijin ɗin. "Abin da muka roƙa ke nan. Katifar nan ta yi daƙiƙa talatin, kuma ba inda za ta."

"Yi haƙuri, Babba," in ji Inna. Haka take kiransa. "Ka ce sau biyu ne."

Aka ci gaba. Mai Aski ya kawo mata ruwan sanyi. Masu sharhi biyu suna ta gardama kan ko ja za ta iya riƙe baƙa, kamar sauran sha takwas ɗin rakiya suka zo.

A zagaye na talatin sai ga kamara ta faɗa cikin garejin 'yan baya. Mai Faci ya zabura, amma ba tasu ba ce, wata koriya ce mai lamba ashirin. Tana tsaye a kan jak, ƙafa uku sun gama, ta huɗu ta ƙi. Noti ya cije. Mai bindigar ya danna, ya sake dannawa, ya jefar da ita ya ɗauki wata. Agogon da ke ƙasan allon yana ta tafiya, tara, goma, sha ɗaya. Da motar ta fita, mutumin ya zauna daɓas a ƙasa ya dafe hular kwanonsa da hannu biyu.

Suka maimaita. Suka sake maimaitawa a hankali, daga sama, daga gefe. Ɗaya daga cikin masu sharhin ya yi wata magana, ɗayan ya fashe da dariya.

"Wannan ba Auta ba ne ko?" in ji Inna.

"A'a, Inna. Wata motar ce."

"Sau nawa suka nuna shi?"

"Huɗu."

Mai Aski ya girgiza kai. "Ai haka suke. Shekara goma ina kallon abin nan. 'Yan baya ba a nuna su sai in sun yi karo, ko wuta ta kama, ko noti ya cije. In aiki ya tafi daidai, ba labari."

"To ai ga hanya," in ji Ba-Birki. "Inna, ki ɗan roƙa mana notin Auta ya cije. Ba da yawa ba, daƙiƙa biyar kawai. Ki gan shi sau huɗu, har daga sama."

Ya faɗa ne da wasa, amma ba wanda ya yi dariya. Mai Faci ya sunkuyar da kai, don maganar ta riga ta zo masa a zuciya kafin ta zo bakin Ba-Birki. Daƙiƙa biyar. Mota ce ta baya, ba kofi za ta ci ba. Ya dubi idanun mahaifiyarsa a bayan tabarau, farin ya fi na bara. Tsere na gaba sai bayan wata guda, kuma wa ya san abin da za ta iya gani a lokacin? Sai ya tuna yadda Auta yake in ya yi kuskure a rumfa, ba ya cin abinci ranar. Kunya ta kama shi kamar an ji abin da ya raya.

Inna ba ta dubi Ba-Birki ba. Allon take kallo, inda aka riga aka koma kan ja da baƙa.

"Wancan yaron da ya dafe kai," ta ce, "shi ma yana da uwa. Wataƙila ita ma an ɗaga ta a kujera tana jira."

Ta juyo wajen Mai Faci.

"Babba."

"Na'am, Inna."

"In ba su nuna shi ba, ya yi daidai ke nan?"

"Haka ne."

"To ka ce musu su riƙe abinsu. Ni ban haifi ɗa don a yi dariya da shi ba."

Ba-Birki ya sosa ƙeya. "Inna, wasa nake."

"Na sani. Matsa, kana tare min iska."

Zagaye na talatin da shida, alamar ta sake fitowa kusa da sha tara. Wannan karon ba su tafi talla ba. Sun nuna attajirin nan yana gyara tabarau. Mai Faci bai ko kalle shi ba, ya kafa ido a kan jerin lambobin. Wata mai lamba sha huɗu ta shigo tare da su, tana gabansu da tsawon mota biyu. Ya ji kamar shi ne ke durƙushe a wurin, gwiwa ɗaya a ƙasa, bindiga a hannu. Noti ya fita, taya ta fita, taya ta shiga, noti ya koma. Bai gama sauke numfashi ba sai lambobin suka motsa. Sha tara ta hau kan sha huɗu.

Ya daka tsalle har kansa ya taɓa igiyar fanka.

"Ta wuce ta! A cikin gareji ta wuce ta!"

"Me ya faru?" in ji Inna. "Ni ban ga komai ba sai mai tabarau."

Ya kama hannunta, ya taimaka mata ta sauko, ya kai ta har jikin allon. Ya ɗora yatsanta a kan lambar.

"Nan take ɗazu. Yanzu ga ta nan. Sun shiga a bayan waccan, sun fito a gabanta. Wannan ba direba ba ne, Inna, direba zaune yake kawai. Masu taya ne. Kuma in ƙafa ɗaya ta makara, duka sun makara. Ba wadda ta makara."

Ta bar yatsan a wurin. Mai Aski, wanda ba ya yarda ko ƙuda ya sauka a kan allon nan, ya kau da kai kamar bai gani ba.

"Daƙiƙa nawa?"

"Ba su faɗa ba."

"Kai nawa kake yi a rumfa?"

"In noti bai yi tsatsa ba, minti goma."

"To ka ji," ta ce. "Kuma kai ka koya masa."

Ya mayar da ita kujera. A allon an koma kan budurwar, ta gama da hannu ɗaya ta shiga ɗayan. Mai Faci ya tsaya yana kallonta, sai ya juya ya zare babban ƙyallen da ake yafa wa masu aski daga jikin ƙusa. Ya kaɗe gashin da ke jiki, ya rataya shi a kan talabijin ɗin, ya danne da kwalbar man gashi daga sama. Ya ja shi gefe a hankali har ya rufe komai, ya bar jerin lambobin kaɗai.

"Kai, Mai Faci, talabijin ɗina ce fa," in ji Mai Aski.

"Na sani. Ba ni rimot."

Mai Aski ya dube shi, ya dubi Inna, ya miƙa masa. Mai Faci ya kashe muryar masu sharhin. Ya jawo kujerar roba ya zauna kusa da mahaifiyarsa, ya gyara murya.

"Saura zagaye sha biyar," ya ce. "Sha tara tana ta goma sha shida. Tayarta sabuwa ce, ta motar da ke gabanta tsohuwa ce, ta fara santsi. Ku zuba ido."

"Wa ke ta ɗaya?" in ji Ba-Birki.

"Je ka tambayi mai katifa."

Haka suka zauna su huɗu suna kallon lambobi. Mai Faci bai iya sharhi ba, yana yi yana tsayawa, wani lokacin ya manta ya yi shiru sai Inna ta zungure shi. Da sha tara ta sake hawa ɗaya, Ba-Birki ne ya fara ihu, har ya zubar da ruwan Inna.

Ana saura zagaye shida wani mutum ya turo ƙofa, jaka a kafaɗa, gashi ya taru. Ya dubi tsohuwa a kujerar aski, ya dubi talabijin sanye da ƙyalle, ya dubi maza uku da suka ƙura wa gefenta ido.

"Lafiya? Ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau," in ji Inna, ba ta ko waiwayo ba. "Ɗana ne ke aiki. Samu wuri ka zauna, sai an tashi."