Gemun Gariba da Farin Ƙwai

Ni Gariba, duk unguwarmu ta Aboabo an san gemuna kafin a san fuskata. Na yi dako a kasuwar Kejetia, na ɗauki buhun goro biyu a ka tun ba a haifi iyayen samarin yanzu ba. Mota ta kife da mu a hanyar Tamale, na fito da ƙafata ina karkaɗe riga. Yunwar shekarar tamanin da uku ta kayar da ƙarti, ni ko zama ban yi ba. Duk wannan bai taɓa gashi ɗaya a haɓata ba. Matata Hadija ce ke taje min shi da man kaɗanya kowace Juma'a, kuma tun da Allah ya yi mata rasuwa ban bar aska ta kusance shi ba.

Sai ga shi bara ya fara zuba. In na shafa wajen alwala, sai in ga furfura a tafin hannu. Gefen bakina ya yi ja yana saɓa.

Yusif wanzami, abokina tun muna yara, ya dube ni a benci ya ce, "Gariba, kawo in kwashe maka shi gaba ɗaya. Ya zama gonar da awaki suka shiga."

"Kai da kanka kamar bayan ƙoƙo? Fara tsiro da naka tukuna."

"Nawa Allah ya karɓa. Naka kuwa a tabarmar masallaci kake barin shi, ladan na sharewa."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna min. Na ce masa in Babbar Sallah ta zo bai daina zuba ba, ya wasa askarsa.

'Yata Adizatu tana da shagon kitso a ƙofar gida. Mata na zuwa har daga Tafo saboda haɗin da take shafa musu a ka, gwaiduwar ƙwai da man kaɗanya. Farin ƙwan kuwa a kwata take zubarwa. Ranar da na gani na ce, a zubar da abinci a gidan wanda ya ga yunwar tamanin da uku? Tun daga nan take tara min a kofi, in shanye shi ɗanye da safe, wani lokaci har da yamma. Yana cika ciki, har na rage cin tuwo. Shekara ta zagayo ina haka.

Ita ta matsa muka hau trotro, motar haya, zuwa asibiti. Na je ne don hankalinta ya kwanta. Nas ɗin, wata 'yar Asante mai jin Hausar Zango, ta duba bakina ta ce, "Baba, me kake ci?"

Na gyara zama. "Ɗanyen farin ƙwai, kofi cike. Shi ya sa kika ga na shigo ba sanda."

Ta dubi Adizatu, Adizatu ta dubi ƙasa. Sai nas ɗin ta ce akwai wani abu a dangin bitamin B, sunansa biotin, gashi da fata ba sa yi sai da shi. Yana cikin gwaiduwa da gyaɗa da hanta. Ɗanyen farin ƙwai kuwa kama shi yake a ciki, ya hana jiki ya amfana. In an dafa, ba ya kamawa.

Na ce, "Wato mai amfanin yana kan matan Tafo, ɓarawon yana cikina?"

"Na kansu ma ruwa ke tafiya da shi, Baba. Ta baki yake aiki."

Adizatu ta ce, "Maame, a hankali, kar ki kashe min kasuwa."

Har yau ba a zubar da farin ƙwai a gidana. Soya shi ake yi da albasa, a ɗora min dafaffen ƙwai guda da yaji, da gyaɗa a gefe. Bakin ne ya fara warkewa. Gemun ya ɗauki lokaci, amma jiki irin nawa ba ya buƙatar a faɗa masa magana sau biyu.

Jajibirin Sallah Yusif ya zo da zabirarsa. Ya sa yatsu cikin gemun ya ja, ya duba hannunsa. Ya sake ja, har da mugunta. Babu ko sili.

"To wannan askar da na wasa fa?"

Na cire hula na miƙa masa kai. "Ga wurin aikinka. Gemun na Hadija ne."